Yadda zaka gane 'yan Malayali, ka kuma iya zama da su

Duk wanda ya taɓa zama a Saudiyya ko Dubai ko Katar, ko ya kwanta asibiti a Ingila, da wuya ace bai haɗu da ɗan Malayali ba, sai dai in bai sani ba. Shine mai kantin nan na ƙasan bene da yake buɗewa tun asuba, shine mai haɗa shayi a kafteriya, itace nas ɗin da ta ɗaura maka ruwa, wani lokacin ma shine akantan kamfanin da kake aiki ko injiniyan da kake ƙarƙashinsa. Mu dai "ɗan Indiya" kawai muke ce musu mu wuce, kuma gaskiya abin nan yana damuna, don mutane ne da suke da harshensu da tarihinsu daban, kuma in ka nuna musu ka san haka ko da kaɗan ne, zaka ga yadda fuska take sakewa.

Abu na farko, ka san daga ina suke. Malayali sune masu jin harshen Malayalam, gidansu jihar Kerala ce, can kudu maso yammacin Indiya, wata siririyar ƙasa doguwa da ta kwanta tsakanin Tekun Larabawa da jerin duwatsun da ake kira Western Ghats. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum miliyan 33 da ɗoriya ne a jihar. Akwai kuma masu jin harshen a tsibiran Lakshadweep da garin Mahe. Ita jihar kanta ba tsohuwa bace, ranar 1 ga Nuwamba 1956 aka kafa ta, aka haɗe yankin Travancore da Cochin, waɗanda da masarautu ne, da yankin Malabar wanda Turawan Ingila suka mulka kai tsaye, duk saboda harshensu ɗaya. Babban birninsu Thiruvananthapuram, in sunan ya yi maka tsawo kace Trivandrum, kowa zai gane.

To daga nan sai abu na biyu, wanda anan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Dan Allah kar ka tare shi da 'yan kalmomin Hindi da ka tsinta a fim kana zaton ka burge shi. Malayalam ba dangin Hindi bane sam, ɗan gidan harsunan Dravidiya ne, 'yan uwansa sune Tamil da Kannada da Telugu, kuma daga tsohon Tamil ya ɓalle a hankali tun wajajen ƙarni na 9, ya ɗebi kalmomin Sanskrit masu yawa, rubutunsa ma daban ne, baƙaƙe masu zagaye-zagaye. Da yawansu sai da suka fita waje suka koyi Hindi wajen abokan aiki, wasu ma Larabcinsu ya fi Hindinsu kyau. Saboda haka in zaka yi magana ka yi Turanci ko Larabci, sannan ka ƙara da 'yan kalmomin nasu. "Namaskaram" gaisuwa ce da zaka yi wa kowa, Musulminsu kuwa sallama ce kamar ko'ina. "Sukhamano?" shine kana lafiya, zai ce maka "sukham". Godiya "nanni". In ya girme ka kace masa "chetta", wato yaya, mace kuma "chechi". In Musulmi ne "ikka" ake cewa namiji, mace "itha". Kiran babba da gatsal ɗin sunansa ba ya musu daɗi, saboda haka wannan kalma ɗaya ta "chetta" ko "ikka" tana aiki sosai, musamman wajen mai kanti ko direba.

Akwai sunayen da zaka kiyaye. Kar kace masa "Madrasi", suna ne da 'yan arewacin Indiya suke yaɓa wa duk ɗan kudu, kuma ba sa so. "Mallu" su kan faɗa a tsakaninsu amma daga bakin baƙo wani yana jin raini ne, gara ka bari. A ƙasashen Larabawa zaka ji ana cewa "Malabari", asalinsa sunan gaɓarsu ne ba zagi ba, sai dai wasu suna faɗarsa da wulaƙanci, kai dai kace Malayali ko ɗan Kerala ka huta.

Tambayar da ta fi kowace buɗe hira itace ka tambaye shi wane yanki ne nasa a Kerala. Su kansu in biyu suka haɗu a waje abin da suke fara tambayar juna kenan, "naattil evideya?", wato a gida ina ne. Jihar gunduma 14 ce, kuma amsar da zai baka tana gaya maka abubuwa da yawa. In yace Malappuram ko Kozhikode ko Kannur ko Kasaragod, to ɗan arewa ne, ɗan Malabar, can ne Musulmi suka fi yawa, Malappuram ma mafi rinjayen mutanenta Musulmi ne kuma ita tafi kowace gunduma tura mutane ci-rani. In yace Kottayam ko Pathanamthitta ko Idukki, nan ne Kiristoci suke da yawa, kuma nas-nas da dama daga nan suke fitowa. Kochi birnin kasuwanci ne da tashar jirgin ruwa. Wannan "zh" da kake gani a Kozhikode ko Alappuzha ba z bace, wani sauti ne da ake naɗe harshe baya, tsakanin r da l, in ya gagare ka kace Kalikut a madadin Kozhikode, tsohon sunan da duniya ta san garin da shi.

Sai sunan mutum, shima ka koyi karanta shi, amma da hankali. In ka ga Nair ko Menon ko Pillai ko Namboodiri, Hindu ne. In ka ga Varghese ko Chacko ko Kurian ko Mathai, Kirista ne ɗan tsofaffin coci-cocin Kerala. Musulmi kuma bayan sunayen da muka sani zaka ga irin su Moideen da Koya da Kunhi, in kuma ka ji Thangal to sharifi ne, zuri'ar da ake girmamawa. Waɗannan baƙaƙen da suke sawa gaban suna, kamar K. P. wane, yawanci sunan gidan kakanni ne da sunan uba aka taƙaita, shi yasa in kana cike masa takarda ko zaka tura masa kuɗi ka tambaye shi yadda yake a fasfo, kar ka yi ta kanka. Amma fa suna ba ya gaya maka komai da komai, akwai sunaye birjik da Hindu da Kirista da Musulmi duk suke sawa, kuma kar ka kuskura ka tambayi mutum ajinsa na haihuwa, wato matsayin da ya gada a tsarin Indiya na raba mutane daraja-daraja, wannan tsarin fifikon ya cutar da mutane da yawa a can, an sha gwagwarmaya akansa, mutane irin su Sree Narayana Guru rayuwarsu kaf a kan yaƙi da shi ta ƙare. Ba abin hirar shayi bane da baƙo.

Anan nake so in ɗan tsaya, don in baka san tarihin tekun nan ba ba zaka fahimci mutanen ba. Duwatsu sun tokare su ta gabas, teku kuma a buɗe ta yamma, to fuskarsu tun asali waje take kallo. Ƙasar masoro ce da citta da sauran kayan yaji, kuma tun shekaru kusan 2000 da suka wuce jiragen Rumawa suke bin iskar damina suna zuwa tashar Muziris sayen masoro da zinariya, lokacin sarakunan Chera. Kiristocinsu sun yi imani cewa Toma, almajirin Annabi Isa, ya sauka a gaɓarsu a shekara ta 52, shi yasa in kace wa ɗayansu Turawa ne suka kawo musu addini zai gyara maka zance nan take, don har yau akwai Suriyanci, tsohon harshen cocin Gabas ta Tsakiya, a ibadarsu. Yahudawa ma sun zauna a Kochi ƙarnuka, majami'arsu ta Paradesi da aka gina a 1568 tana nan tsaye, duk da yawancinsu sun koma Isra'ila. Musulunci kuwa ta hannun fatake Larabawa ya shigo, ta ciniki da auratayya, kuma masallacin Cheraman da ke Kodungallur mutanen wurin suna cewa tun 629 aka kafa shi. Ibn Battuta ya zo Kalikut a shekarun 1340 ya tarar da tashar cike da jiragen Sin da na Larabawa. Sai a watan Mayu 1498 Vasco da Gama na Fotugal ya sauka kusa da Kalikut, zamanin sarkin da ake kira Zamorin, daga nan rigima ta fara, Fotugal, sai Holan, sai Ingila. Shi da Gama ma a Kochi ya mutu a 1524. Sarki Marthanda Varma na Travancore kuma ya ci sojojin Holan da yaƙi a Colachel a 1741, kuma wannan abu ne da suke alfahari da shi ƙwarai.

Shi yasa yau addinai uku suke zaune a jiha ɗaya, a ƙidayar 2011 Hindu kusan kashi 55 cikin 100, Musulmi kusan 27, Kirista kusan 18. Ba ina cewa babu saɓani bane, akwai, amma zaka ga ɗaki ɗaya a Sharjah mutum shida, wannan na sallah, wancan da hoton Maryama a gefen gado, wani da fitilarsa ta ibada, tukunyarsu ɗaya. To kai ma kar ka shiga tsakaninsu da maganar raba kai.

Ga 'yan uwa Musulmi, in ka bi limami ɗan Kerala sallah kar ka rikice. Su ana kiransu Mappila, kuma yawancinsu Shafi'iyya ne, ba Hanafiyya ba kamar sauran Musulmin Indiya, wannan ma alamar ta teku addinin ya zo musu. Zaka ji ya bayyana bisimilla kafin Fatiha, da asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannu a sama, mamu suna amin. Ka bi shi kawai, sallarka ta yi. Suna da ajaminsu da ake kira Arabi-Malayalam wanda suka rubuta waƙoƙi da littattafan addini da shi, garin Ponnani kuma tsohuwar cibiyar karatu ce. Ƙaramar sallah "cheriya perunnal" suke ce mata, babbar kuma "valiya perunnal". In ka je aikin hajji ka ɓata a Mina, akwai 'yan sa-kai na ƙungiyarsu ta KMCC da suke tsayawa bakin hanya suna nuna wa alhazai tanti, ka tunkare su ba tsoro.

Yanzu me ya watsa su duniya haka? Ka riƙe abu biyu, ilimi da rashin aikin yi a gida. Masarautun Travancore da Cochin da 'yan mishan sun buɗe makarantu tun ƙarni na 19, har da na mata, sannan a 1957 jihar ta zaɓi gwamnatin kwaminis ƙarƙashin E. M. S. Namboodiripad, aka shiga gyaran dokar filaye da faɗaɗa ilimi da asibitoci, har ya kai a 2011 kashi 94 cikin 100 sun iya karatu da rubutu, sama da kowace jiha a Indiya. Amma masana'antu ba su da yawa, ƙasa kuma ta yi kaɗan. Mutum ya yi karatu ba aiki, dole ya fita. Na farko sun tafi Silon, wato Sri Lanka ta yau, da Bama da Malaya da Singafo tun zamanin Turawa, har ma Devan Nair da ya shugabanci Singafo daga 1981 zuwa 1985 asalin gidansu Kerala ne. Wasu suka cika Bombay da Madras da Bangalore da Delhi suna akawu da buga tafireta. A shekarun 1960 da 1970 'yan mata suka fara tafiya Jamus aikin nas ta hanyar coci, a shekarun 1970 da 1980 kuma malaman lissafi da kimiyya suka bazu a makarantun Afirka, har da Najeriya da Habasha.

Babbar guguwar dai itace ta man fetur a shekarun 1970. Na farko-farko wasu a jirgin ruwan katako suka tsallaka ba takarda, a sauke su kusa da gaɓar Khor Fakkan, a Daular Larabawa ta yau, su ƙarasa da iyo. Sune suka yi birkila da kafinta da direba da kuku, suna kwana a cunkushe, sai bayan shekara biyu ko uku a ga gida sau ɗaya, mata da miji su ɗauki murya a kaset su aika wa juna. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990, cikin Indiyawa kusan 170,000 da aka kwashe ta jirgin sama 'yan Kerala ne da yawa. Binciken ƙaura na Kerala na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 2.2 ne a ƙasashen waje, kusan kashi 80 cikin 100 a yankin Gulf, Daular Larabawa ce kan gaba, kuɗin da suka aika gida a shekarar kuma ya haura rupi tiriliyan 2. Tun 1996 jihar ta buɗe ma'aikata guda, NORKA, don 'yan ci-rani kaɗai, kuma filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa huɗu gare su a wannan 'yar jihar. Yanzu matasa sun fi karkata Ingila da Ayalan da Kanada da Ostireliya, karatu ko aikin jinya. Kalmar da suke kiran ɗan ci-rani da ita "pravasi" ce, zaka yawan jinta.

Abin da nake so ka ɗauka anan shine kar ka yi musu kuɗin goro. Akwai attajirai irin su M. A. Yusuff Ali mai kantunan Lulu, ɗan Nattika a gundumar Thrissur, akwai likitoci da farfesoshi, amma mafi yawa talakawa ne da suke ɗauke da gida guda a wuya, bashin biza, ginin da ba a gama ba, auren ƙanwa, kuɗin makarantar yara, ga adashinsu da suke kira "chitty" da ba a fashi. In ka ga yana tsantseni da kuɗi ba rowa bace. In ka ci bashi a kantinsa ya rubuta a littafi, ka biya ranar da kace, don shima yawanci yaron wani ne, daga albashinsa za'a cire. In kuma kuna aiki tare, ka sani suna riƙe junansu sosai, wannan ya kawo ɗan ƙanwarsa, wancan ya sama wa ɗan ƙauyensu aiki, kuma duk garin da suka taru sai sun kafa ƙungiya, "samajam", wadda take tara kuɗin mara lafiya ko ta mayar da gawa gida. Kar ka ɗauki wannan a matsayin ƙin ka, zaman baƙunta ne ya koya musu. Wannan kaɗa kan da suke yi gefe da gefe kuma yawanci "to, na ji" ne, amma in maganar aiki ce ko kuɗi ka sa ya faɗa da baki.

Hira kuwa, ka ja shi da ƙwallo. Indiya ƙasar kurket ce amma Kerala, musamman Malappuram da Kozhikode, 'yan ƙwallon ƙafa ne na gaske, ƙauye guda sai ya rabu biyu, 'yan Ajantina da 'yan Barazil, lokacin kofin duniya su kafa manya-manyan hotunan 'yan wasa a bakin titi har cikin kogi. Siyasa ma suna sonta, mutane ne masu karanta jarida kullum, amma ka fi yawan saurare, don gaba tsakanin 'yan hagu na LDF da 'yan UDF, manyan ƙawancen jam'iyyu biyu na jihar, ba ƙarama bace.

In ya gayyace ka cin abinci kar ka ƙi. Takalmi a bakin ƙofa, ci da hannun dama. Girkinsu kwakwa ce da man kwakwa da shinkafa da kifi da yaji. Da safe akwai "puttu", garin shinkafa da kwakwa da ake turarawa a cikin wani bututu ya fito dogo, a ci da miyar wake ko a murmushe shi da ayaba. Akwai "porotta" mai falle-falle da soyayyen naman sa, akwai birayanin Thalassery mai ƙananan ƙwayar shinkafa, a rufe da "sulaimani", baƙin shayi da lemon tsami. Ka lura, a Kerala ana cin naman sa a fili, har Hindu da dama suna ci, amma ba duka ba, saboda haka ka tambaya kafin ka miƙa wa mutum. Kai ma in Musulmi ne kuma gidan ba na Musulmi bane, ka tambaya cikin ladabi, don wasu Kiristoci suna dafa alade, kuma wani nau'in "appam", wainar shinkafarsu, da bammi ake kumbura ƙullinsa a al'ada, duk da yanzu yawanci yis ake sawa. Ba za su ji haushi ba, sun saba zama da Musulmi tun kaka da kakanni.

Babbar gayyata itace ta Onam, bikin kaka da ake yi tsakanin Agusta da Satumba, ana tunawa da wani sarki adali na tatsuniya mai suna Mahabali da suka ce yana dawowa duba mutanensa duk shekara. Asalinsa na Hindu ne amma ya zama na jiha baki ɗaya, a waje ma sukan kama babban zaure su yi shi a ranar hutu ko da watan ya wuce. Zaka ga an zana da'ira da furanni a ƙasa, maza sun ɗaura "mundu", farin zani mai bakin zinariya, mata ma farare. Abincin ranar "sadya" ne, za'a shimfiɗa maka ganyen ayaba, tsinin yana hagunka, sai masu rabo su riƙa wucewa a jere kowa da bokitinsa, wannan ya ɗiga tsami a gefe, wancan soyayyar ayaba, wani ganye da kwakwa, har kala ashirin ko fiye, shinkafa a tsakiya. Kar ka cakuɗa komai lokaci ɗaya, ka raba shinkafar, kashin farko da miyar wake da man shanu, na biyu da "sambar", wata miyar wake da kayan lambu, ka bar wuri don "payasam" mai zaƙi na zuwa a ƙarshe, wani lokacin kala biyu ko uku. Bisa al'ada babu nama a ciki, sai dai wasu 'yan arewacin jihar suna ƙarawa. In ka ƙoshi ka ɗora hannu saman ganyen alamar ya isa, in an gama kuma ka kalli yadda na kusa da kai ya naɗe nasa ka yi haka. In akwai ɓangaren ibada da addininka bai yarda ba, ka tsaya gefe cikin mutunci, babu mai tilasta ka.

In zumunci ya yi ƙarfi har yace ka zo gida, ka tambaye shi wane filin jirgi ya fi kusa da su, Kochi ko Kozhikode ko Kannur ko Trivandrum, don jihar doguwa ce, daga wannan ƙarshe zuwa wancan tafiyar yini ce a jirgin ƙasa. Damina tana faɗowa farkon Yuni ta yi ta zuba har Satumba, a 2018 ma ambaliya ta yi musu mummunar ɓarna, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙin yawo. Ka nemi bizar Indiya da wuri, ka canji rupi kaɗan don mota da shayi, sannan ka riƙe wa iyayensa dabino ko turare, yara kuma alewa.